Yadda za ka kalli gasar rawar taurari ba tare da ka yi ta zagin alƙalai ba

Duk wanda ya fara kallon Strictly Come Dancing na BBC, ko ɗan uwansa na Amurka Dancing with the Stars, abin da ke fara ba shi haushi shi ne alƙalai. Za ka ga mutum ya yi rawa ta burge ka, 'yan kallo sun miƙe tsaye ana ta tafi da ihu, riga sai ƙyalli take, kawai sai wani alƙali ya ɗaga allo da maki huɗu a jiki, fuskar nan murtuk. Kai kuma kana zaune kana cewa wallahi wannan hassada ce. Yawanci ba ita ba ce, kawai dai inda idonka yake daban, inda nasa yake daban, kuma koyon kallon inda yake kallo ba wani abu ne mai wuya ba.

A taƙaice ga wanda bai san shirin ba: na Burtaniya ya fara a 2004, na Amurka a 2005 a tashar ABC. Ana ɗauko fitattun mutane, 'yan fim, 'yan wasa, 'yan jarida, har 'yan siyasa, a haɗa kowa da ƙwararren ɗan rawa ko ƙwararriya, duk sati su koyi sabuwar rawa ta kamar minti ɗaya da rabi, alƙalai su ba da maki daga 1 zuwa 10, jama'a su yi zaɓe, a sallami wasu. Shi kenan.

To abu na farko, ka cire idonka daga kan ƙwararren. Wannan shi ne ya fi komai wuya don idon mutum da kansa yake bin wanda ya fi iyawa, kuma ƙwararrun sun san da haka, su ne fa suke tsara rawar, in ɗalibinsu bai iya ba sai su tsara ta yadda za a ɓoye shi. In tauraron namiji ne za ka ga an dasa shi a tsakiyar fili yana miƙa hannu, ita kuma ƙwararriyar tana ta juyi tana zagaye shi tana watsa ƙafa, kai sai ka ɗauka su biyun ne suka yi rawa alhali mutumin tsayuwa kawai ya yi. In mace ce sai a sa mata doguwar riga mai jan ƙasa, ko a yi ta ɗaga ta sama. Dabarar da za ka yi, in akwai bidiyon ka maimaita shi, a karo na biyu ka sa tafin hannu ka rufe ƙwararren gaba ɗaya ka bi tauraron shi kaɗai. Wani lokacin dariya za ta kama ka. Sannan ka ƙirga daƙiƙa nawa aka ɓata kafin a fara rawar ta gaske, ana zaune a kujera, ana buɗe lema, ana wasan kwaikwayo da tebur, marigayi Len Goodman da ya shugabanci alƙalan Strictly daga 2004 zuwa 2016 babu abin da ya tsana irin wannan ɓata lokacin, kuma ni ma ina bayansa a nan.

Na biyu, ƙafa. Kyamara tana son fuska amma maki a ƙasa yake. Rawar gasa iri goma ce, an raba ta gida biyu, biyar na riƙe juna wato wals, tango, wals ɗin Biyana, fokstirot da kwiksitef, sai biyar na Latin wato ca-ca-ca, samba, rumba, faso dobile da jayib. Shirin yana ƙara wasu kamar salsa da calistin da tangon Ajantina, amma goman nan su ne tushe, kuma in ka riƙe abu ɗaya tak game da ƙafa to ka riga ka wuce yawancin masu sharhi: a na riƙe juna, in za a yi babban taku gaba da dunduniya ake fara sauka, a na Latin kuma gaban ƙafa ne ke fara taɓa ƙasa kafin dunduniya ta biyo. Faso dobile ce kawai ta fita zakka don ita tafiyar maci ce, da dunduniya ake takawa. Don haka in ka ga mutum a wals yana tafiya gaba a kan yatsu kamar mai sanɗa, ka san maki ya riga ya zube ko da kuwa murmushinsa ya kai kunne. Shirley Ballas, wadda ta gaji Len a 2017, tsohuwar zakarar rawar Latin ce, ka lura da ita in ana rawa, sau da yawa leƙawa take ta saman tebur tana duba ƙafafu.

Wals tana da bugu uku, ɗaya biyu uku, a kan ɗaya ake sauka a tura jiki, a biyu da uku a tashi a hankali a kan yatsu sannan a sauko, tashin da saukar su zama sumul ba tsalle ba. Tango kuma akasin haka, babu tashi babu sauka sam, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kai yana tafiya a layi ɗaya, motsin a yanke kaf-kaf. In ka ga kan mutum yana hawa da sauka a tango to wals yake yi da kiɗan tango. Wals ɗin Biyana ta ninka ta farko sauri, wajen bugu 180 a minti, kuma kusan juyi ne kawai daga farko har ƙarshe, shi ya sa za ka ga wasu sun gama suna layi. Kwiksitef ta fi ta ma, wajen 200, a nan abin dubawa shi ne ƙafa tana gudu amma daga ƙugu zuwa sama shiru kake ji.

Wannan ya kawo mu ga riƙon. Gwiwar hannu a sama kuma a buɗe, kafaɗa a ƙasa, wuya a miƙe, mace ta karkata kai hagu tana kallo ta saman kafaɗar namijin, kamar dai mutum biyu ne ke ɗauke da faranti ɗaya cike da kofuna ba sa so ko ɗaya ya motsa. Kusan kowa yana fara rawa da riƙo mai kyau, don haka kar ka yi hukunci a daƙiƙa goma na farko, ka jira rabin ƙarshe lokacin da gajiya ta zo, nan za ka ga gwiwar hannun dama ta fara zubewa, kafaɗa ta hau har kunne, fili ya buɗe tsakanin jikinsu wanda bai kamata a ce akwai shi ba. Alƙalai ƙarshen suke tunawa.

A Latin mutane suna cewa wane ba shi da ƙugu. Gaskiya motsin ƙugun nan ba daga ƙugu yake fitowa ba, daga gwiwa ne, ka taka, ka miƙe ƙafar da ke ɗauke da nauyinka tsaf, sai ƙugun ya zauna da kansa. Wanda gwiwarsa kullum a lanƙwashe take a ca-ca-ca ko rumba dole sai dai ya riƙa kaɗa ƙugu da gangan, kuma ana ganewa. Rumba ita ce mai tona asiri don a hankali ake yin ta, babu saurin da za a ɓuya a ciki, kuma takun a kan bugu na biyu yake farawa ba na ɗaya ba, ka gwada ƙirgawa da kanka biyu, uku, huɗu-ɗaya ka ga ko tauraron yana tare da kiɗan ko ƙwararren ne ke jan shi. Maza sun fi shan wahala da ita. Samba an san ta da korar mutane daga gasar saboda wannan ɗan lilo na gwiwa da idon sawu da ba ya koyuwa a sati guda. A jayib ka duba shuri, ƙafa ta fita da sauri ta dawo da sauri, yatsu a tsuke suna kallon ƙasa. Faso dobile kwaikwayon wasan bijimi ne na Sifaniya, namiji shi ne mai karawa da bijimin, mace yawanci ita ce mayafin da yake kaɗawa, to in ka ga ana murmushi a faso an riga an ɓata.

Ɗagawa sama kuma tana da ƙa'ida, akwai rawar da aka yarda a ɗaga abokiyar rawa kamar salsa, calistin da tangon Ajantina, akwai wadda in ƙafafu biyu suka bar ƙasa laifi ne komai kyansa. A na Amurka Carrie Ann Inaba ta yi suna wajen cire maki a kan wannan ko da zauren gaba ɗaya zai yi mata ihu.

Ka kuma san halin kowane alƙali, don takwas ɗin wani ba takwas ɗin wani ba ce. Craig Revel Horwood, wanda yake kan teburin Strictly tun ranar farko a 2004, shi ne mai riƙe maki, in ya ba da bakwai to rawar ta yi kyau, in ya ba da goma kuwa labari ne. Motsi Mabuse 'yar Afirka ta Kudu ta fi kallon kuzari da yadda mutum ya ba da kansa ga rawar, Anton Du Beke kuma da yake ya shafe shekaru yana rawa da taurari a shirin kafin ya hau teburin ya fi tausayi. Hanya mai sauƙi, ka riƙa rubuta naka makin kafin su ɗaga nasu, bayan sati uku ko huɗu za ka ga da wa kake yawan dacewa.

Yanzu ga inda yawancin ɓacin rai yake, ranar sallama. Mutane suna mantawa cewa makin alƙalai rabi ne kawai. A Strictly ba jimillar makin ake ɗauka kai tsaye ba, matsayi ake juyawa ya zama lamba. A ce saura ma'aurata rawa goma, na saman tebur ya samu 10, na ƙasa ya samu 1, haka ma a ƙuri'ar jama'a, sai a haɗa. To ka duba, wanda ya zo na ƙarshe wajen alƙalai amma jama'a suka fi so yana da 1 da 10, sha ɗaya kenan. Wanda ya yi rawa mai kyau daidai gwargwado ya samu 5 wajen alƙalai, jama'a kuma suka manta da shi ya samu 2, bakwai kenan, shi ne zai faɗa cikin biyun ƙarshe. Shi ya sa tsakiyar tebur ta fi ƙasan tebur haɗari, na sama kowa ya gan shi, na ƙasa masoyansa sun tsorata sun fito zaɓe, na tsakiya kowa ya ɗauka ai lafiya yake. In akwai wanda kake so kuma kana inda za ka iya zaɓe, satin da ya zo na biyar ko na shida shi ne satin da yake buƙatarka.

Kuma jama'a ba dunduniya suke zaɓa ba, mutum suke zaɓa. A 2008 John Sergeant, ɗan jaridar siyasa, alƙalai suna ta ajiye shi a ƙasa jama'a suna ta dawo da shi, har da kansa ya janye daga gasar don ya ga alamar zai iya cinyewa. A Amurka Bobby Bones ya ci kofin 2018 duk da makinsa bai kai na abokan karawarsa ba, surutun da aka yi ya sa shekarar da ta biyo aka ba alƙalai damar ceton ɗaya daga biyun ƙarshe, ko da yake ƙa'idar can tana yawan canzawa, gara ka saurari bayanin farkon kowace kaka. Ni dai ban ga laifin jama'a sosai ba, ba gasar ƙwararru ba ce, kuma wannan zaɓen ne dai ya ba Rose Ayling-Ellis, wadda kurma ce, kofin Strictly na 2021, ya ba Chris McCausland makaho na 2024, ya ba Hamza Yassin haifaffen Sudan mai ɗaukar hoton namun daji na 2022, mutumin da ya shigo bai taɓa koyon rawa ba. Inda nake jin haushi kawai shi ne in barkwanci ya wuce sati shida yana cin gurbin masu ƙoƙari.

A Strictly biyun ƙarshe suna sake yin rawarsu sannan alƙalai su ceci ɗaya, kuma a ƙa'ida rawar da aka sake a lokacin ake hukunci a kai ba ta jiya ba, don haka ka kalle ta da sabon ido, wanda ya gyara kuskuren da aka faɗa masa sau da yawa shi ke tsira ko da makinsa ya fi ƙasa a daren Asabar. Af, shirin sakamakon da ake nunawa ranar Lahadi tun daren Asabar ake naɗarsa, kuma akwai masu fasa ƙwai a intanet, in ba ka so a ɓata maka to ka kauce wa neman sunan shirin har sai ka kalla.

Kar ka yi saurin yanke wa kowa hukunci a sati biyun farko, wanda ya fara da maki mai yawa sau tari dama yana da tushen rawa daga makarantar wasan kwaikwayo ko ƙungiyar waƙa, kuma 'yan kallo sukan gaji da shi. Ka sa ido a kan wanda ke ƙara maki biyu-uku duk sati. Lokacin da ya dace ka fara hasashen gaske shi ne satin Blackpool, wani gari a Ingila, a watan Nuwamba, da ake kwashe shirin gaba ɗaya a kai babban zauren rawa na hasumiyar garin, filin can ya fi na situdiyo girma nesa ba kusa ba, wanda ba ya iya tura jiki ya ci fili nan take ake gane shi. In an kai fainal a Disamba kuma ka ajiye allon makinka gefe, alƙalai za su ba da maki amma na shawara ne kawai, ƙuri'ar jama'a ce kaɗai ke ba da kofin.