Kashe Sautin Tukuna: Yadda Nake Koya wa Ɗalibai Nazarin Fim

Duk shekara ina ba ɗalibaina aikin nazarin fim, duk shekara kuma abu guda suke kawo mini: shafi uku na labari. Wane ya so wance, uwarsa ta ƙi, aka yi ta ɗauki ba daɗi, ƙarshe aka ɗaura aure. Wannan ai ko 'yar autata da ke firamare za ta ba ni shi. Abin da nake nema shi ne ka faɗa mini yadda aka yi ka ji haushin uwar tun ba ta buɗe baki ba.

Ajiye fim ɗin gaba ɗaya, ka zaɓi fitowa guda wadda ba ta wuce minti 2 ba. Kashe sauti ɗungurungum, ka kalle ta sau uku a wayarka, biro da takarda na gefe.

A kallon farko ƙirga kawai za ka yi. Duk sanda hoto ya sauya daga wannan ɗauka zuwa waccan, ja layi. Wannan sauyin shi ne yanka, aikin edita. Layi 6 a minti 2 na nufin an ba ka sarari ka zauna da mutanen. Layi 40 kuwa so ake hankalinka ya tashi. Sai ka duba me aka sa kafin kowace fuska, me aka sa bayanta. A wajajen 1920 wani ɗan fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki hoton fuskar jarumi wadda ba yabo ba fallasa, ya haɗa ta da kwanon miya, sannan da gawar yarinya a akwati, sannan da mace a kishingiɗe. 'Yan kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa. Fuskar kuwa guda ce, maƙwabtanta ne ke sauyawa.

Kallo na biyu, tambaya ɗaya: ina kyamara take tsaye? A nan nake daɗewa da ɗalibaina. Ɗauki fitowar da babu fim ɗin Hausa da bai yi ta ba: amarya ta durƙusa tana gaida surukarta, Hajiya na kan kujera. Idan an ɗauki amaryar daga sama, kamar da idon Hajiya, ƙanƙancewa take yi, kai ma ka tsinci kanka kana kallonta a raine. Idan an ɗauki Hajiya daga ƙasa, cika ɗakin take yi. To amma a sauko da kyamara daidai kan amaryar, ka ga yadda ta runtse ido, ka ga yatsunta na murza bakin mayafi: an mayar da kai ɓangarenta ba tare da an nemi izininka ba. Daraktan Japan, Yasujiro Ozu, ya shahara da ajiye kyamara ƙasa-ƙasa, kusan tsayin wanda ke zaune a tabarma, shi ya sa mai kallo ke jin kamar an yi masa shimfiɗa a cikin gidan. Har yau ina mamakin yadda mu masu zaman tabarma muke ta ɗaukar fim a tsaye.

Kallo na uku na tazara ne da haske. A finafinanmu saurayi ba ya taɓa budurwa, saboda haka tazarar da ke tsakaninsu ita ke magana. Hoto guda ya haɗa su, ko kowa da nasa? Akwai ƙyaure ko labule a tsakani? Wa haske ya haska, wa aka bari a inuwa?

Sai yanzu ka kunna sauti, amma ka kife wayar, kunne kaɗai zai yi aiki. Lura da sakan ɗin da kiɗa ya shigo da inda ya ɗauke. Sau da yawa shirun da ya biyo bayan "Na sake ki" ya fi kalmomin nauyi, idan editan ya yi haƙuri bai cusa sarewar tausayi ba.

Wajen rubutu, fara da abin da idonka ya gani, sannan abin da ya jawo. Kar ka ce "Hajiya muguwa ce." Ka ce "Sau 4 aka ɗauki Hajiya daga ƙasa, ba a taɓa haɗa ta da amarya a hoto guda ba, wannan ya sa take zama kamar alƙali."

Kuma a yi hattara da zaƙewa. Wata ɗalibata ta taɓa cika shafi guda kan ma'anar ɗaukar jarumi daga ƙasa, alhali a fitowa ɗaya tal aka yi hakan, kuma da ganin ɗakin ka san ƙunci ne ya hana mai kyamara wurin tsayawa. Na mayar mata da takardar, na ce ta nemo mini wuri na biyu da na uku da aka maimaita, ko ta goge shafin.