Yadda Ake Fitar da Ikweshan na Miƙaƙƙen Layi Daga Ɗigo Ɗaya da Gangara

Ba zan tsaya bayanin mene ne x da y ba, duk mai shirin WAEC ko NECO ya wuce nan. Ga ƙa'idar, ka haddace ta kamar sunanka:

y − y₁ = m(x − x₁)

Harafin m shi ne gangarar layin, wato abin da malamai ke kira giradiyan. Su kuwa x₁ da y₁ su ne lambobin ɗigon da aka ba ka. Da farko ka rubuta ƙa'idar tsirararta, ba lamba ko ɗaya. Ni ba na yarda ɗalibina ya tsallake wannan layin, ko da ya rantse ya iya.

Sai zuba lambobi, kuma a nan ne ake faɗuwa. A ce ɗigon (−2, 3) ne, gangarar kuma 4. Shekara da shekaru ina duba takardu, abin da nake gani shi ne y − 3 = 4(x − 2). Yaro ya ga alamar cirewa a ƙa'ida, ya ga wata a jikin 2, sai ya ɗauka abu guda ne. Biyu ne! Ɗaya ta ƙa'ida ce, ɗaya ta lambar. Maganin abin shi ne ka sa duk lambar da ke ɗauke da alamar cirewa cikin bakanta:

y − 3 = 4(x − (−2))

Cirewa ta haɗu da cirewa ta koma tarawa, sai ka samu y − 3 = 4(x + 2). Kada ka yi wannan da ka, rubuta shi. Layi ɗaya ne, ba zai cinye maka biro ba. Kalkuleta ma, komai tsadarta, kuskuren da ka danna mata shi za ta mayar maka.

Yanzu buɗe baka. Wannan 4 ɗin zai ninka x, ya kuma ninka 2, ba x kaɗai ba: y − 3 = 4x + 8, wato y = 4x + 11. Gwada amsar nan take: sa −2 a gurbin x, −8 da 11 sun ba da 3. Ta fito. Wanda ya yi kuskuren can zai ƙare da y = 4x − 5, gwajinsa ya ba shi −13.

Idan ɗigo biyu aka ba ka, kamar (1, 5) da (3, −1), nemo gangara tukuna: bambancin y, wato −1 − 5, a raba da bambancin x, wato 3 − 1, ya zama −3. Ɗauki ɗigon da babu cirewa a jikinsa, ka rage wa kanka wahala: y − 5 = −3(x − 1), wato y = −3x + 8. Ka gwada da ɗayan ɗigon.

In gangarar 2/3 ce, ninka ɓangarorin biyu da 3 kafin ka buɗe baka. In kuma x ɗin ɗigon biyu iri ɗaya ne, a ce 4 da 4, layin a tsaye yake cak, ƙa'idar ba ta aiki. Rubuta x = 4 ka wuce tambaya ta gaba.