Yadda Ake Lissafin Ƙarfin Ruwan Gishiri Bayan Ya Ƙafe

Duk wanda ya taɓa mance miya a kan wuta ya san abin da ke faruwa: ruwa ya tafi a tururi, gishiri yana nan daram, miya ta yi zartsi. Lissafin nan a kan haka ya ginu.

Ga tambaya: ruwan gishiri giram 500, kashi 6 cikin 100 nasa gishiri ne. Aka tafasa shi har giram 200 na ruwa ya ƙafe. Yanzu kashi nawa ne gishirin?

Da farko, fitar da nauyin gishirin shi kaɗai. 500 sau 6, a raba da 100, ya ba ka giram 30. Rubuta shi a gefe, don ba zai canza ba.

Sannan cire ruwan da ya ƙafe daga jimillar nauyin: 500 a debe 200, saura 300. A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Wasu sai su raba da 270, wato tsurar ruwan, alhali da ruwan da gishirin gaba ɗaya ake so.

Sai ka raba 30 da 300, ka ninka sau 100. Kashi 10 ke nan.

In aka juya tambayar, aka ce ruwa nawa zai ƙafe kafin a kai kashi 15? Raba 30 da 0.15, wato 15 a raba da 100, ka samu 200. Shi ne nauyin da zai rage, saboda haka 500 a debe 200, giram 300 ne zai tafi.

In amsarka ta fito ƙasa da kashi 6, koma ka duba, akwai kuskure.