Yadda ake haɗa daren kallon fim ɗin ban tsoro a gida

Fim ɗin ban tsoro ba ya kama mutum a fuskar waya da rana tsaka, ana sallama yana amsawa. An gina shi ne don duhu, da sauti mai kyau, da mutane kaɗan da suka yi tsit tare. In kana son tara abokai a zaure ko tsakar gida nan Sakkwato, ka sani rabin aikin a kunne yake, sauran kuma a yadda ka jera finafinan.

Fara da zaɓen lokaci. Daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, majigi kan yi zafi ya kashe kansa, ƙarar fanka kuma ta cinye duk wani motsi da ke cikin fim. Ƙarshen Oktoba ya fi, domin a lokacin ne manhajojin kallo ke turo irin waɗannan finafinai gaba saboda bikin Halloween da ake yi a Amurka ranar 31 ga wata. Bikin nasu ne, mu finafinan muke so. Sai dai sauron ƙarshen damina yana nan, don haka a fesa magani awa ɗaya kafin mutane su zo. Lokacin da ya fi kowane shi ne hunturu, Disamba da Janairu: dare ya yi tsawo, ba a buƙatar fanka, kowa na lulluɓe da bargo. A fara bayan sallar isha'i, misalin ƙarfe 8:30, mutum shida zuwa goma. In suka fi haka, hira za ta ɓarke daga baya.

Kada ka dogara da wutar NEPA. Yi lissafi tun da rana. Ƙaramin majigi yana cin wat 60 zuwa 100, kwamfutar cinya kamar 50, sifika kamar 30, jimla kusan 170. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana ɗauke da kimanin wat 1,200 na awa ɗaya, amma irin na ruwa ba a so a sha fiye da rabinsa, ita ma inbata tana cin nata. Abin da zai rage maka awa uku ne da ɗan kai, wanda ba zai kai ƙarshen fim na biyu ba. Ko dai ka samu mai 200Ah, ko ka caja kwamfutar ta cika ka cire ta daga inbata. In janareta ne, a kai shi waje aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa na kallon wani gefe. Hayaƙinsa na ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kisa a rufaffen ɗaki, kuma a hunturu ne aka fi rufe ko'ina.

Hoto ba shi da wahala. Farin bango ko farin zanen gado da aka ɗaure kusurwoyinsa huɗu ya wadatar. Allo mai inci 100 faɗinsa kusan mita 2.2 ne, yawancin ƙananan majigi na son tazarar kamar mita 3. Goge gilashinsa da tattausan ƙyalle, ka hure ƙurar da ta toshe kafofin iska, domin ƙurar hunturu ce ke sa shi zafi. In talabijin ce, sauya ta daga Vivid zuwa Movie ko Cinema, ka kashe saitin da ke santsar da motsi. Vivid yana haske duhun da darakta ya ɓoye abu a ciki, sai a hango dodon tun kafin lokacinsa.

Yanzu ga inda ake yin asara. Sifikar cikin majigi ba ta fitar da ƙasan sauti, wato wannan gurnanin da ke sa ƙirji ya yi nauyi kafin komai ya bayyana. Nemi sifika mai akwatin bugu, ka ajiye ta ƙarƙashin allo, gaban mutane. Haɗa ta da waya mai kan 3.5mm. Bluetooth yana jinkirta sauti kaɗan, kuma a wannan fanni jinkirin ɗan ƙiftawar ido ya isa ya ɓata komai: fuska ta bayyana, sannan ƙara ta biyo baya, sai dariya. In ba makawa sai Bluetooth, manhajar VLC a kwamfuta tana gyara wannan da maɓallan J da K, G da H kuma na daidaita rubutun fassara. Wata matsalar ita ce fim mai sautin 5.1, wato wanda aka tsara wa sifika shida, a kan sifika biyu, inda magana ke yin ƙasa, ƙara ta yi sama. Shiga saitin sauti ka zaɓi Stereo. Wajen auna ƙarfi, nemi wurin da ake raɗa a fim ɗin, ka ƙara har sai na baya ya ji, sannan ka gwada wurin da ya fi ƙara ka fita ƙofar gida ka saurara. In ana ji daga titi, rage. Fim irin A Quiet Place na 2018, wanda yawancinsa shiru ne, ba ya yiwuwa kusa da janareta ko kaɗan.

Sauke fim ɗin tun da rana, daga halastacciyar manhaja. Mai 720p kan ci kusan gigabait 1, mai 1080p kusan 2. Intanet da ta tsaya tana juyi a tsakiyar tashin hankali ta kashe daren.

Finafinai biyu sun isa, kuma ra'ayina a nan ba ya rawa: mai tsoron gaske a farko, mai haɗe da barkwanci a ƙarshe. Mutane da yawa suna juya wannan, wai a fara da mai sauƙi a ɗumama. Abin da ke faruwa shi ne, da zarar ɗaki ya saba da dariya, ba ya komawa shiru, kowace fitowar dodo sai wani ya yi ba'a. Ban da haka, wanda zai hau kabu-kabu daga Mabera zuwa Arkilla da sha biyun dare ya fi kyau ya fita da dariya a bakinsa.

Na farko ya zama gajere. Halloween na John Carpenter, 1978, minti 91 ne, kuma tsoronsa a kiɗa da jira yake, jini kaɗan ne. A hunturu akwai Black Christmas na 1974 daga Kanada, wanda aka gina a kan kiran waya a lokacin Kirsimeti. Na rufewa, Gremlins na 1984 shi ma labarin Kirsimeti ne, yana haɗa ɓarna da ban dariya. Masu son Indiya, kuma su ne mafi yawa a nan, suna da Stree na 2018 da Bhool Bhulaiyaa na 2007, sai dai na biyun ya haura awa biyu da rabi, don haka shi kaɗai ya isa dare guda. Fassarar Hausa tana yi wa masu barkwanci kyau ƙwarai. Ga mai tsoron gaske kuwa, muryar mai fassara takan danne sautin asali, gara rubutun fassara a ƙasan allo.

Finafinan aljanu daban ne, a yi hattara da su. Jerin Dabbe na Turkiyya, wanda ya fara a 2006, da Pengabdi Setan na Indonesiya, 2017, sun fito daga ƙasashen Musulmi, akwai malamai da addu'o'i da gidaje irin waɗanda muka sani. Mai shan jini na Turai tatsuniya ce a wurinmu, aljani kuwa mun yi imani da samuwarsa. Shi ya sa waɗannan ke bin mutum har shimfiɗa. Kada ka saka su ba tare da ka gaya wa kowa tun wajen gayyata ba. Wanda ya ce ba zai iya ba, a bar shi, ba gori.

Wajibi ne mai gayyata ya kalli fim ɗin shi kaɗai tukuna. Da yawa daga cikin na Amurka na shekarun 1970 da 1980 suna da tsiraici, har da Halloween ɗin da na ambata. Duba sashen Parents Guide, wato jagorar iyaye, a IMDb, shafin intanet na bayanan finafinai, ka rubuta mintin da abin yake, ka zauna kusa da kwamfuta don tsallakewa. Duba alamar shekaru: R, wato na manya, a Amurka, 15 ko 18 a Ingila da Najeriya. Kada kyan halittar da ke hoton Gremlins ya ruɗe ka ka bar ƙanne su zauna, yana cikin finafinan da suka sa Amurka ta ƙirƙiro alamar PG-13, mai gargaɗi kan yara 'yan ƙasa da shekara 13, a 1984 bayan ƙorafin iyaye. Mai ciwon zuciya da mai juna biyu su haƙura, mai farfaɗiya kuma a faɗa masa in akwai walƙiyar fitilu.

In gidan iyaye ne, nemi izini da rana: "Baba, muna son mu yi kallo a zaure bayan isha'i, ba za mu wuce sha biyu ba." Ka leƙa maƙwabci ma, don kada ihun cikin fim ya fito da shi da sanda.

Tsakanin finafinan biyu a ba da minti 15, a kunna fitila, a kawo shayi da kilishi. Gugguru da gyaɗa a juye su a kwano tun farko, saboda ƙarar leda. A kife wayoyi, a bar ƙaramar fitila guda a hanyar bayi, a manne wayoyin wuta da ƙasa don kada wanda ya zabura ya ja majigi. Kafin a kunna na biyu, a tabbatar kowa ya san wanda zai maida shi gida, wanda ke nesa kamar Kwannawa kuwa a shimfiɗa masa katifa tun yanzu.