Kurakuran da aka fi yi wajen sanya zoben Claddagh

Na gaji da ganin sababbin masu sayen zoben Claddagh suna zura shi a yatsa yadda suka ga dama, alhali a ƙasar Ayalan yadda aka sa shi magana ce da mutane ke karantawa. Sunansa na wani tsohon ƙauyen masunta ne da ke gefen birnin Galway, kuma a jikinsa akwai hannaye biyu riƙe da zuciya, da kambi a samanta. Hannayen suna nufin abota, zuciyar soyayya, kambin kuma riƙon amana.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne rashin lura da inda tsinin zuciyar ya dosa, domin ni kaina na ɗanɗana kuɗarsa. Lokacin da nake karatu a Galway na shafe wata uku da zoben a hannun hagu, tsinin yana kallon wuyan hannuna, ban san cewa shelar aure nake yi ba, sai ranar da wata dattijuwa mai sayar da kifi ta riƙe yatsana tana tambayar lafiyar maigidana. Daga baya na ji cewa wani mutumin kirki da ya so ya nemi aurena ya ga zoben ya janye. Saboda haka ku saurara da kyau. A hannun dama, tsini wajen farce yana nufin babu kowa, tsini wajen wuyan hannu kuwa akwai wanda ake so. A hannun hagu, wajen farce baiko ne, wajen wuyan hannu aure. Ni dai na daina bin kambin, domin shi yake rikita mutane; tsinin kaɗai nake dubawa kafin in fita.

Na biyu, ganganci ne a biya kuɗin azurfa ba a leƙa cikin zoben ba. A nemi lambar 925, wadda ke nuna azurfa ce ta gaske, da hatimin ofishin tantance azurfa da zinariya na Dublin, in ba haka ba wata rana a wayi gari yatsa ya koma kore.

Wanda ba shi da kambi ba karyewa ya yi ba, nau'in da ake kira Fenian ne. Kada a furta haruffa biyun ƙarshe na sunan Claddagh, "Kilada" ake cewa. Labarin Richard Joyce, wanda aka ce shi ya ƙirƙiri zoben bayan ya koyi ƙirar zinariya yana bawa a Aljeriya, tarihin baka ne, domin tun kafin zamaninsa ana ƙera zobba masu hannaye biyu a Turai.