Dokar wiwi a Jamus: abin da nake gaya wa baƙina

Duk baƙon da ya sauka a gidana a Hamburg sai ya ce ya ji an halatta wiwi a Jamus. Ɗan'uwa, da sauran magana.

Tun 1 ga Afrilun 2024, wanda ya kai shekara 18 zai iya yawo da giram 25, ya ajiye 50 a gida, ya shuka tushe uku. Sayarwa kuwa har yau laifi ce. Ko kyauta ka miƙa wa abokinka, ka taka doka. Ƙungiyoyin da doka ta yarda su noma ta don mambobinsu ma ba sa karɓar mutum sai ya yi wata shida a ƙasar.

Wurin sha ne ya fi kayar da mutane. Kada ka kunna a gaban yaro, ko inda kake hango ƙofar makaranta ko filin wasan yara cikin mita 100. A titunan da aka keɓe wa 'yan ƙafa zalla an hana daga 7 na safe zuwa 8 na dare. Ni dai ba na sha, amma na taɓa ganin maƙwabcina yana auna tazarar bencin unguwarmu da makarantar renon yara a wayarsa.

Ranar tafiya gida, ka zazzage jaka da aljihun rigar sanyi tas. Ketare iyaka da ita laifi ne, kuma a filin jirgin Kano hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ba ruwanta da dokar Jamus.