Yadda ake kallon fina-finan fasaha na Turai, da yadda ake jawo wani ya so su

Fina-finan da nake nufi su ne irin waɗanda ake kaiwa manyan bukukuwan fim na Cannes da Venis da Balin, waɗanda darakta ke shiryawa yadda ransa ya so, ko kasuwa ta karɓa ko ta ƙi. Na ga mutane da dama sun gwada shiga wannan harka sun fice tun daga fim na farko, suna cewa babu labari, babu bos, babu waƙa, kuma an yanke shi ba a ƙarasa ba. Duk lokacin da na bi diddigi, abu biyu nake tararwa: an ɗora wa mutum fim ɗin da bai kamata ya fara da shi ba, sannan ba wanda ya gaya masa inda zai sa idonsa. Waɗannan biyun nake so mu gyara.

Mataki na farko shi ne zaɓen ƙofar shiga, kuma dokata a nan ba ta da sassauci: kada ka fara da jerin "fina-finan da suka fi kowane fim" da ake yaɗawa a intanet. A shekarar 2022 mujallar Sight and Sound ta Ingila ta tattara ra'ayin masu sharhi, suka ɗora Jeanne Dielman na Chantal Akerman, 'yar ƙasar Beljiyam, a kan gaba. Fim ne na 1975, ya haura awa 3, kuma mafi yawansa wata bazawara ce a birnin Brussels tana feraye dankali, tana wanke-wanke, tana gyara gado. Akwai Sátántangó na Béla Tarr ɗan ƙasar Hangari, na 1994, wanda ya haura awa 7, kuma da shanu yake buɗewa suna ta yawo cikin taɓo. Manyan ayyuka ne, ba na musu. Amma wanda ya tashi da fim ɗin Indiya da na Kannywood ya faɗa cikin ɗayansu a daren farko, to an gama da shi, ko sunan fim ɗin Turai ba zai sake son ji ba.

Ka nemi fim mai kusan awa ɗaya da rabi, mai mutum ɗaya da matsala ɗaya wadda kowa zai gane. Ladri di biciclette, wato ɓarayin keke, na Vittorio De Sica, shi nake fara ba kowa. An yi shi a birnin Rum a 1948, lokacin da talauci ya yi wa Italiya katutu bayan yaƙin duniya na biyu. Wani magidanci ya samu aikin liƙa fasta a bango, aikin ba ya yiwuwa sai da keke, a ranar farko aka sace keken, shi da ƙaramin ɗansa suka bazama nema. Wanda ya fito a uban ma'aikacin masana'anta ne, bai taɓa yin fim ba. Duk wanda ya san abin da babur yake nufi ga ɗan acaɓa ya riga ya gane fim ɗin tun kafin ya kunna shi.

Na biyu, ka shirya wurin kallo, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tabbatar rubutun fassara na ƙasan allo yana tafiya daidai da magana tun kafin ka zauna, da Turanci ko Faransanci ko Larabci, duk wanda ya fi maka sauƙi. Ka guji wanda aka ɗora wa wata murya a kan ta 'yan wasan, rabin wasan a cikin muryar yake. Talabijin ko kwamfuta sun fi waya nesa ba kusa ba. In waya ce kaɗai gare ka, ka sa abin ji a kunne, ka rufe WhatsApp, ka bari sai bayan sallar isha'i gida ya yi shiru. Kada ka ƙara wa fim ɗin gudu, kada ka riƙa tura shi gaba. Maganar kuɗi kuwa, da wuya ka samu irin waɗannan a shagon masu tura fina-finai. Manhajar MUBI ta ƙware a kansu amma biya ake yi duk wata, don haka ka tara sunayen da kake so tukuna, ka biya wata ɗaya, ka sauke su da datar dare. Wanda yake kusa da cibiyar Alliance Française, kamar ta Kano, ya leƙa ya tambaya ko suna da ranar nuna fim.

Na uku shi ne kallon kansa, kuma a nan yawancin mutane suke faɗuwa, don haka zan daɗe a kai.

Mun saba fim ya riƙe mana hannu. Idan abin tausayi zai faru, goge ko sarewa za ta fara kuka tun kafin jaruma ta zubar da hawaye. Idan mugu ya shigo, kiɗa zai canza. A fina-finan fassara ma har mai fassarar yakan gaya maka abin da ke cikin zuciyar jarumi. Waɗannan daraktocin sun janye wannan hannun da gangan. 'Yan'uwan nan biyu na Beljiyam, Jean-Pierre da Luc Dardenne, waɗanda suka ci babbar kyautar Cannes a 1999 da 2005, kusan ba sa sa kiɗa a fina-finansu. Sabon mai kallo sai ya zauna yana jiran a gaya masa abin da zai ji, ba a gaya masa ba, sai ya yanke hukuncin cewa babu abin da ke faruwa.

Maganin wannan shi ne ka sauke idonka daga bakin mutane zuwa hannayensu da kayan da suke taɓawa. A fim ɗin keken nan, keken ma a jingine yake tun farko, sai matar ta yaye zanen gadonsu ta kai wurin masu karɓar jingina don a fanso shi. Ba ta yi dogon jawabi a kan talauci ba. Amma kyamara ta bi wani ma'aikacin wurin ɗauke da ƙunshin zanen yana hawa kanta bayan kanta, sama-sama har kusa da rufi, kowace kanta cike da irin wannan ƙunshin. A wannan ɗan lokacin an nuna maka cewa gidaje masu ɗimbin yawa a birnin a kan katifa tsirara suke kwana. Wanda ya ɗauki waya ya duba saƙo a daidai nan ya rasa zuciyar fim ɗin, kuma ba za a maimaita masa ba.

Haka a Rosetta, wanda ya ba 'yan'uwan kyautarsu ta 1999. Yarinya ce mai neman aiki ido rufe, tana zaune da uwarta a sansanin gidajen tirela a bayan gari. Kullum in za ta koma gida sai ta tsaya a bakin daji, ta cire takalmin shiga gari, ta zaro takalmin roba da ta ɓoye a cikin wani bututu, ta sa. Ana nuna maka wannan sau da yawa. Sabon mai kallo zai ce ɓata lokaci ne. Amma ka tambayi kanka: me ya sa take kiyaye wancan takalmin haka? Shi ne mutuncinta a idon masu ɗaukar aiki, ba ta so taɓon inda take kwana ya bi ta cikin gari. Ba wanda ya faɗi wannan a fim ɗin, kai ne za ka tsinto shi, kuma abin da ka tsinto da kanka ya fi zama a rai.

Tambaya ɗaya nake so ka riƙe a minti 30 na farko: me wannan mutumin yake bukata, kuma me ya tsare masa hanya? Kada ka nemi bos. Sau da yawa abin da ya tsare hanyar rashin aiki ne, ko takardar ofis, ko tsufa, ko kunya. Idan kyamara ta tsaya a wuri ɗaya ta ƙi motsi, ka duba gefen allo, ka duba bayan mai magana, ka saurari ƙarar da ke shigowa daga waje. Idan kuma ta daɗe a kan fuskar wanda ya yi shiru, an ba ka lokaci ne ka yi tunanin abin da shi yake tunani. Minti 30 ɗin nan bashi ne da fim yake bin ka. In sun wuce bai kama ka ba, ka kashe, ka ajiye shi zuwa wata shekara, babu laifi.

Sanin dalilin wannan rashin gaggawar yana taimakawa. A Faransa akwai hukumar fim ta ƙasa, CNC, tun 1946, wadda ake yanka wa wani kaso daga kowane tikitin sinima da aka sayar a ƙasar, har da na fina-finan Amurka, ta mayar da shi ga shirya fina-finai. Wasu ƙasashen Turai ma suna da irin wannan asusun. Darakta da ya samu irin wannan tallafin ba ya cikin fargabar dole sai ya cika sinima a makon farko, shi ya sa yake iya barin kyamara ta zauna.

Na huɗu, ƙarshen fim. Yawancinsu ba sa ƙarewa da ɗaurin aure ko kama mai laifi. Suna tsayawa ne a daidai inda mutum ya yanke wata shawara ko ya gane wani abu game da kansa, sai allo ya yi baƙi. Kada ka garzaya intanet neman bayanin ƙarshen a daren. Ka kwana da shi. Washegari ka tambayi kanka yadda mutumin yake a farkon fim da yadda yake a fitowar ƙarshe. Sai bayan nan ka karanta sharhin wasu, in kana so.

Na biyar, ba wa wani. A nan masu son waɗannan fina-finai suke yin ɓarnar da ta fi yawa, domin suna ba da fim ɗin da ya burge su ne, ba su duba wanda suke ba. Ka fara da halin da mutumin yake ciki. Ma'aikacin da ya taɓa ganin ana rage ma'aikata, ka ba shi Deux jours, une nuit na 2014, shi ma na 'yan'uwan Dardenne: an ba abokan aikin wata mata su 16 zaɓi, ko kowa ya karɓi ƙarin Yuro 1000 a sallame ta, ko su haƙura ta ci gaba da aiki, ita kuma tana da Asabar da Lahadi ta bi su gida-gida. Wanda yake da ɗan'uwa da ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya, ka ba shi Io Capitano na Matteo Garrone ɗan Italiya, na 2023, labarin samari biyu 'yan Senegal da suka bi ta wannan hanyar, wanda ya ba Garrone kyautar darakta a Venis. Amma ka gaya masa tun farko akwai azabtarwa a ciki, in zuciyarsa ba za ta ɗauka ba ya bari. Mai son abu mai sanyi, ka ba shi Le Havre na Aki Kaurismäki ɗan ƙasar Finlan, na 2011, inda wani tsoho mai goge takalma da maƙwabtansa suka ɓoye wani yaro ɗan Afirka daga 'yan sanda.

Abin da ba na ɗagawa kowa ƙafa a kai: kada ka ba mutum fim ɗin da ba ka kalla da idonka daga farko har ƙarshe ba. Da yawa daga fina-finan Turai suna nuna tsiraici ba tare da wani gargaɗi ba, kuma hoton ganyen kyauta da ke jikin fasta ba ya gaya maka komai a kan wannan. Na ga wanda aka ba irin wannan ya kunna a falo gaban iyalinsa, kuma daga ranar bai sake karɓar shawarar fim daga kowa ba. Shafin IMDb na bayanan fina-finai yana da sashen jagorar iyaye da ke lissafa irin waɗannan wurare, ka duba shi ko don kanka, sannan ka faɗa wa mutum gaskiya.

Wajen gabatarwa, jimla biyu sun isa: wane ne mutumin, me ya same shi. Ka ƙara da cewa babu kiɗa, kuma tafiyarsa a hankali take. Kada ka ce masa wannan fim zai canza rayuwarsa, kada ka jero masa kyaututtuka, kada ka ba shi biyar lokaci ɗaya. In tare kuke kallo, ka bar leƙen fuskarsa, ka bar yi masa bayani. Bayan an gama kuma kada ka ce "ya yi kyau?", domin zai ce eh ne don ya faranta maka. Ka ce masa, "Malam, da kai ce matar nan ta ƙwanƙwasa wa ƙofa, za ka yafe kuɗin?" Daga nan hira za ta ɓarke, har ku manta fim kuke tattaunawa.

Sauran hanyar mai sauƙi ce. Darakta ɗaya da ya kama ka, ka bi fina-finansa uku a jere kafin ka sauya. Sannan ka leƙa sabon salon Faransa na ƙarshen shekarun 1950, su François Truffaut da Agnès Varda. Mutanen Nijar suna da hannu a wannan tarihin: Jean Rouch ɗan ƙasar Faransa ya yi Moi, un noir a 1958 da matasan Nijar 'yan ci-rani a Abijan, Oumarou Ganda ne jaruminsa, kuma Jean-Luc Godard, ɗaya daga cikin jagororin wannan salon, ya yaba wa fim ɗin ƙwarai. Fina-finan Ingmar Bergman ɗan ƙasar Suwidin da na Andrei Tarkovsky ɗan ƙasar Rasha su biyo baya. Fim ɗin awa 7 ɗin nan kuwa, ka bar shi sai ka samu ranar hutu da tabbacin wuta, ka raba shi gida uku da sallah da abinci a tsakani.